Maharbin da Ya Zame a Gada

"Lafiya lau, makashiya. Ya jinin da ke hannunki, ya wanku?"

Amsar da Kafinta ya ba gaisuwar Tela ke nan, yana tsaye a ƙofar shagonta, garin katako har gira. Taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ni ina gefe ina jiran a rage mini wando.

Mu biyar muke wasan labari duk Asabar a kan teburinta na yankan yadi. Kowa da jaruminsa a takarda, Tela ke ba da labari, in aka zo wurin haɗari a jefa ɗan ludo ya yanke hukunci. Da can kowa na da maɓalli uku na sa'a, in jifa ta ƙi ka, ka ajiye ɗaya ka sake. Sai Tela ta ce wasa ya yi lami, ba mai jin tsoro, ta mayar da su ɗaya. Asabar ɗin farko, Maharbi, jarumin da Kafinta ya shekara uku yana raino, ya zame a gada, ruwa ya tafi da shi. Mako uku ke nan Kafinta bai zo ba, kuma wallahi teburin ya mutu murus.

"Ni na kashe shi?" in ji Tela. "Hannunka ya jefa ɗaya. Hannun da ko ƙusa ya taɓa sai ta lanƙwashe."

"Hannun nan ya yi kujerar da kike kai."

"Shi ya sa take rawa."

"Nauyin alhaki ne. Mutumin da ya kashe dodo da takalmi ƙafa ɗaya, ki ce santsi ya ɗauke shi? Ko kaza ba ta irin wannan mutuwa."

"Maɓallinka fa? Wa ya ƙone shi wajen cinikin jaki?"

"Jakin na da kyau."

"Yana nan bakin kogi yana jiranka."

Na yi dariya, shi ko bai yi ba. Tela ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinkin.

"Na yi garaje," ta ce. "Da maɓalli biyu na bari, ko in jira sabon labari in gwada. Tun ranar ban iya rubuta layi ɗaya ba. Ka dawo, zan ce masunta sun tsamo shi da rai."

"Masunta? Ba ke kika ce kogin ba kowa sai kada ba?"

"Yawon buɗe ido suka zo."

"A'a. In kin tsamo shi, gobe ko wuta na faɗa na san za ki kawo ruwa. Shekara uku ina jifa ina hamma, ranar nan kaɗai na ji tsoro. Dokarki ba ta da laifi." Ya karkaɗe hularsa. "Abin da ya ci mini rai, kika ce 'ya tafi', kika juya kan na gaba. Ko kalma ɗaya ba ki bar shi ya faɗa ba."

Ni ne na gaban. Har zumuɗi na yi ranar na karɓe ɗan ludon daga gabansa. Kunya ta rufe ni, na dinga kallon ƙyallayen da ke ƙasa.

Tela ta ture wandona gefe. "To me zai ce?"

Kafinta ya zaro takarda a ninke daga aljihu, duk ta sha gumi.

"Layi nawa ne wannan?"

"Shafi huɗu."

"Mai nutsewa ne zai yi shafi huɗu? Kadan ya zauna yana saurare?"

"Maharbi ne, numfashinsa na da tsawo."

Tela ta yi dariya har da dafe goshi. "Na sallama. Asabar kai za ka buɗe, ba mai taɓa ɗan ludo sai ka gama. Kawo in gani."

Ya miƙa mata. Ta karanta layin farko, dariyar ta ɗauke, ta ninke takardar a hankali ta mayar masa.

"Riƙe," ta ce. "Gara in ji daga bakinka."