Motar Babana ta Cikin Hoto

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Alhamis ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina. Abin da wani ya yi maka yakan dushe da daɗewa, amma wanda ka yi wa kanka da bakinka yana nan kamar tabon ƙuna.

Ni ban yi makaranta ba, ko ƙofarta ban taka ba. Amma Allah ya ba ni ido, kuma duk wanda ya zauna a unguwar Jarwal ta Makka lokacin da muke can ya san haka. Mace ta shigo ɗakina, kafin ta gama cire takalmi na san ko abayar jikinta tata ce ko aro ce. (Ku riƙe wannan maganar ta aro, za ta dawo.) Shi ya sa a gidanmu ba a ɗaura aure sai an kawo mini mutanen na dube su. Ba doka ba ce, amma ban ga wanda ya tsallake ta ba.

To akwai wani hoto a gidan. Babana ne a ciki, Malam Idi, wanda ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Sudan yana aikatau har ya iso nan. A hoton yana saurayi, ya sa kwat a kan farar riga, sarƙar agogo na lilo a ƙirjinsa, laima a hannun hagu, hannun dama kuma ya ɗora a kan wata doguwar mota. Gabanta ƙarfe, bayanta katako ne mai sassaƙa, kamar an ɗauko tagar gida an aza. Da muka bar Jarwal muka koma wani bene a unguwar Kudai, kowa ya ɗauki abin da ya dame shi, ni hoton nan na rungume har cikin mota.

Gaskiya ita ce babu wanda ya taɓa ce mini motarsa ce. Ya rasu ina 'yar shekara tara. Abin da na tarar yana yi shi ne ɗaukar ruwa, garwa biyu a sanda ɗaya, yana hawa da su gidajen kan dutse. Na tambayi Inna sau ɗaya, ta yi dariya ta ce, "Ai babanki ke nan." Sauran ni na ƙarasa. Da farko na ce motarsa ce. Bayan wasu shekaru ta zama motar farko da Bahaushe ya mallaka a Makka. Da na fara samun jikoki har direba ya shigo labarin. Maganar garwa kuwa, na ce duniya ce ta juya masa baya, kuma manya ba sa raina sana'a. Na faɗa har na ji kamar ina wurin aka yi.

Sai jikata Samira ta kawo wanda take so. Sunansa Ammar, yana aiki a wani otal kusa da Harami, yaro mai natsuwa, ban sami abin kushewa a jikinsa ba duk da na nema. Amma da na tambayi gidansu aka ce a unguwar Mansur suke, uban kuma samkari ne, wato mai buga jikin mota idan ta lotse. Na ce wa ɗana Usman, uban yarinyar, a dakata tukuna.

Ya ce, "Inna, mene ne laifinsu?"

Na ce, "Ban ce da laifi ba. Asali nake so in gani. Mu gidan mota ne, su gidan guduma."

Wata biyu maganar tana tsaye. Samira ta daina kawo mini shayi da kanta, sai ta aiko ƙanwarta. A ƙarshe Usman ya ce mutanen za su zo gaishe ni, in duba da idon nawa, abin da na ce shi za a yi.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka iso. Alhaji Ɗanjuma, uban yaron, wani siririn dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, yatsunsa duk sun kanannaɗe da aikin ƙarfe. Da yayarsa Hajiya Lami, wadda kallo ɗaya na yi mata na san irina ce, kuma ban ji daɗin haka ba. Da wasu mata uku na danginsu. Ni ma na tara nawa: surukata, 'ya'yana mata biyu, da maƙwabciyata Hajiya Binta, wadda ba ta da sirri ko na minti ɗaya. (Ni na gayyace ta da kaina, don labarin ya yi nisa. Ya kuwa yi.)

Tun da safe na sa aka sauko da hoton daga bango, aka goge gilashin, aka jingina shi a kan teburin gahawa inda ba yadda za a yi baƙo ya miƙa hannu ga dabino bai gan shi ba.

Aka gaisa, aka sha gahawa. Na lura Alhaji Ɗanjuma ya dubi hoton sau ɗaya, ya ɗan tsaya, ya dubi yayarsa, sannan ya mai da idonsa kan kafet. Na ce a raina, ya gane inda ya shigo.

Na ce, "Alhaji, an ce kai mutumin mota ne."

Ya ce, "A da dai, Hajiya. Yanzu na bar wa yara warsha, garejin nawa."

Hajiya Lami ta ce, "Ya bar warsha ya kama abin da ya fi ta. Shi da wasu tsofaffi ne a waya, wannan ya aiko tsohon hoto, wancan ya ce ƙirar kaza ce, su wuni suna musu a kan fitila."

Na ce, "Madalla. To ga ta mahaifina. Faɗa wa mutane wace iri ce."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mota ce mai kyau, Hajiya."

"Kyau kowa ya gani. Bayani na nema."

"A bar shi wani lokaci, yau ranar zumunci ce."

Da ina da rabon hankali a ranar, nan zan tsaya. Dattijo ya ce maka a bari har sau biyu. Amma sai na ɗauka bai sani ba ne, yana neman hanyar gudu. Na gyara mayafi na ce, "Ko dai ta fi ƙarfin sanin samkari?"

Usman ya ce, "Inna..." Na ɗaga masa hannu.

Alhaji Ɗanjuma ya yi ajiyar zuciya, ya zaro wani ɗan gilashin ƙara girma daga aljihu, ya jawo hoton. Daga nan muryarsa ta canza, ya zama wani mutum.

Ya ce ƙirar Amurka ce, tun kafin yaƙin duniya na biyu, ga sitiyarinta a hagu, ga ƙafafunta masu sandunan katako. Ya ƙirga ramukan iska na murfin inji da farcensa, ya nuna yadda lagireto ya yi tsaye kamar ƙofa, ya ce da waɗannan ake gane shekarunta. Ya ce a wancan zamanin ba a kawo irinta da jiki. Shasi da inji kawai ake saukewa daga jirgi a Jidda, wanda ya saya shi zai nemi mai gina masa sauran.

Ya ce, "Wannan kuwa ba maƙeri ba ne ya gina ta. Kafintan tagogi ne, masu yin roshan, tagogin sassaƙar nan na tsofaffin gidajen Jidda. Dubi sassaƙar nan. An yi ta ne don mata mahajjata, su sha iska su ga hanya, ba a gan su ba. Ban taɓa ganin ta biyu ba."

Na dubi Hajiya Binta don in tabbatar tana ji. Na ce, "Baba ba ya sayen abin da kowa ke da shi."

Ya ajiye gilashin ya ce, "Iyakar abin da na gani ke nan."

Amma ni mai ido ce. Na ga akwai saura a bakinsa. Na ce, "Ƙarasa, Alhaji. A gidan nan ba a rabin magana."

Ya dubi Usman kamar mai neman ceto. Usman ya dubi silin.

Ya ce, "Hajiya, kin ga gabanta ya ɗaga sama, ya fi bayanta tsawo? Mota ba ta tsayuwa haka sai idan an cire mata inji. Babu nauyin da zai danne ta. Fitilun nan babu gilashi, farin fenti aka shafa. Wannan duhun da ke bayan tayar kuma ba inuwa ba ce, duwatsu ne aka jera aka ɗora ta a kai."

Na ce, "To, ana gyaranta ne ranar."

"Ta daɗe da mutuwa kafin ranar. Wani mai hoto ne a Jidda ya ajiye ta a bayan shagonsa. Mutanenmu da suka iso a ƙafa sukan je su tsaya a jikinta, a ɗauke su, su aika gida a ga sun iso lafiya."

Duk da haka ban sauka ba. Na ce, "Kwat ɗin fa? Da agogon? Su ma duwatsu ne?"

Nan Hajiya Lami ta buɗe jaka. Ba ta yi gaggawa ba, Allah ya isa tsakanina da natsuwarta. Ta fito da waya, ta shafa, ta shafa, ta miƙo mini.

Motar ce. Tagar sassaƙar nan, da lotsawar da ke kusa da fitila. A jikinta wani dogon mutum ne baƙi wanda ban sani ba, hannunsa na dama a daidai inda Baba ya ɗora nasa. Ga laima. Ga sarƙar agogo. Ga kwat, maɓalli na biyu babu, kamar dai na Baba. Bambancin kawai, shi hannun kwat ɗin ya tsaya masa a wuyan hannu, Baba kuwa ya rufe masa har yatsu. (Shekara da shekaru ina gaya wa jikoki haka attajiran wancan zamanin suke ɗinka hannun riga, don a san ba sa aikin ƙarfi.)

Hajiya Lami ta ce, "Babanmu ke nan. Dako ya yi a tashar jirgin ruwa har ya tsufa. Mu dai a gidanmu hoton aro muke ce masa."

Na ji Samira a bayan labule ta saki wani sauti, ta mai da shi tari. Hajiya Binta kuwa ta riga ta fara laluben takalminta da ƙafa, labari na ƙona ta.

Alhaji Ɗanjuma ne ya fitar da ni, kuma har yau ban yanke ko na gode masa ko na ƙara jin haushinsa ba. Ya ce, "Hajiya, ni roƙo nake da shi. Namu ya yanke daga tsakiya, bayan motar bai fito ba. Shekara nawa ina gaya wa abokan musuna cewa tagogin huɗu ne, suna ƙaryata ni. Naki ya fito da ita gaba ɗaya. Ki bari in ɗauka a waya."

Na ce, "Ɗauki."

Ya ƙirga da farce. Huɗu ne. Murna ta kama shi kamar an yi masa haihuwa.

Na miƙa wa Hajiya Lami wayarta, na sa aka sake zuba gahawa, na ce da Usman, "Ku sa rana." Ya ce, "Na'am?" Na ce, "Kunnenka ƙalau." Abin da zan ce game da asali ya ƙare. Mutum biyu da suka sa kwat ɗaya, wa zai ce wa wani kauce?

Kafin sati ya zagayo labarin ya kai Mansur ya dawo. A wurin bikin wata tsohuwa ta tare ni da fuskar tausayi ta ce, "Hajiya, yaya motar, an samo injin?" Na ce mata ana nema. Wasu biyu kuma suka ja ni gefe suka ce su ma akwai irin hoton a akwatinsu, sai dai su ba su taɓa rataye shi ba.

Hoton yana nan a bango. Ammar ya wanko na kakansa ya kawo, Samira ta rataye su kusa da juna ba tare da ta tambaye ni ba, ni ma na bar su a nan. Idan baƙo ya tambaya yanzu nakan ce, wannan babana ne, mai ɗaukar ruwa, ya zo daga Kano da ƙafarsa, motar kuwa ko ƙofar shago ba ta taɓa kai shi ba. Na tarar wannan labarin ya fi wancan sauƙin riƙewa, ba sai na tuna sunan direba ba.

Abin da na koya bai da yawa, don shekaruna sun wuce na koyo mai yawa. Idan dattijo ya ce maka a bar magana har sau biyu, ba jahilcinsa yake rufewa ba, naka ne. Ido kuma yana gane kayan aro a jikin kowa, ban da wanda ke rataye a ɗakinsa.

Sai dai ko yanzu, duk wanda ya tsaya ya dubi hotunan biyu da adalci zai ga Baba ya fi iya riƙe laima.