Gayyar da na kira wa manhajar farmasi

Damina ce mai albarka, gero ya yi kyau, sauro ma ya yi kyau. Zazzaɓi ya kwantar da babban ɗana, wanda yake raba wa abokan aikinsa uku gyaran manhajar wata farmasi a nan Matameye. Ya miƙo mini wayarsa yana rawar sanyi: "Inna, in Alhaji mai farmasi ya aiko da gyara, ki tura wa abokin aikina Habu."

Saƙo ya shigo. Alhaji yana so maganin da ya kusa lalacewa ya riƙa fitowa da ja a manhajar. Ni da na yi yaƙi da jahilci, na karanta tsaf, sai tausayin Habu ya kama ni. Shi kaɗai? Gona ma gayya ake mata. Na tura wa duka ukun, har ina jin daɗin dabarata.

Ashe wuri ɗaya kowa ya taɓa, yana goge aikin ɗan'uwansa. Kafin la'asar Alhaji ya kira: "Baiwar Allah, har auduga ta yi ja! Ga mutane cike, na kasa sayar da komai!"

Da ƙyar yaran suka warware. Washegari na dama musu fura, tunda mai gayya ke ciyarwa. Har yau in Habu ya shigo gaisuwa, sai ya durƙusa ya ce, "Inna, gobe mu zo da hauya?"