Washin Injiniya

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya albarkaci layinmu da su, to a fara da Injiniya, a huta, a sha ruwa, sannan a tuna da sauran. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har ya rasa inda zai ajiye shi, shi ya sa yake juye wa duk wanda ya tsaya a gaban rumfarsa, ko da tambayar hanya ta kawo shi. Sana'arsa washin sarƙar injin yankan itace, wato sarƙar nan mai haƙora da ke zagaya bakin inji tana cin gungume. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai washi. Masu washi su ne masu yawo da dutse suna gyara wa mata wuƙaƙen girki. Shi likitan haƙoran ƙarfe ne, kuma da bakinsa ya faɗa.

Asalin injiniyancin nan kwana uku ne. Wani kamfani mai sayar da injuna ya tara masu washi ya ba su horo daga Talata zuwa Alhamis, ranar Alhamis ɗin ma rabin wuni aka yi saboda ɗaukar hoto. Sauran da suka je sun dawo yadda suka tafi. Shi kuwa ya dawo da farar riga irin ta likitoci, da tabarau wanda ba ya ƙara wa ido komai, da biro uku a aljihun gaba, da takardar shaida, da kuma ma'auni.

Ma'aunin nan ɗan faifan ƙarfe ne mai layuka a bayansa, ana zura magagari a cikinsa. Amfaninsa guda ne: ka ɗora shi a kan haƙori, ka daidaita layin da bakin inji, shi kuma ya hana hannunka karkacewa, kowane haƙori ya sami kaifi irin na ɗan'uwansa. Kayan aiki ne dai kamar cokali. To amma na Injiniya jan fenti gare shi mai sheƙi, kuma shi mutum ne da ya san darajar kaya. Ya sa aka yi masa ɗan akwati, aka shimfiɗa karammiski a ciki. Shekara biyu cur ma'aunin nan bai taɓa haɗuwa da haƙori ba.

Kada a ce ba ya amfani da shi, wannan ƙazafi ne. Duk wanda ya kawo sarƙa, sai Injiniya ya wanke hannu, ya buɗe akwatin, ya ɗaga ma'aunin sama yadda na bayan ma zai gani.

"Kun ga wannan?" in ji shi. "Digiri talatin ke nan. Ba ashirin da tara ba, ba talatin da ɗaya ba. Jahili ƙarfe yake gani, ni lissafi nake gani. An ƙera shi ne domin 'yan koyo, waɗanda hannunsu bai nuna ba tukuna. Ni kam talatin ɗin ta riga ta shiga jinina. Ko miƙa na yi, a digiri talatin hannuna yake tsayawa."

Daga nan sai ya goge shi da hankici, ya mayar, ya rufe, ya ɗauki magagari tsirara ya shiga gurza da ido. Shi ya sa a bayan idonsa 'yan layi ba su da wani suna da suke kiransa da shi sai Digiri Talatin.

Akwai wata ƙaramar ɗabi'a ta masu wannan aiki. Sarƙa zagaye take, ba ta da kai ba ta da wutsiya, don haka kafin a fara sai a shafa wa haƙorin farko alli, a san inda aka faro. Injiniya ya soke wannan ma. Ya ce alli na 'yan firamare ne, wanda ya riƙe lissafin digiri a ka ba zai manta haƙori ba. Kuma gaskiya asirinsa bai taɓa tonuwa ba, domin yawancin masu kawo masa aiki itacen girki suke yanka, kuma ba mu taɓa jin matar da ta dawo da itace don an yanka shi a karkace ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta yarda da zancen Injiniya ba, yayarsa, mai ɗinki, wadda ta goya shi a bayanta har ya yi wayo. Ita Auta take ce masa, a gida da waje, a gaban kowa. Ya yi roƙo, ya yi fushi, ya nuna mata takardar shaida. Ta karɓa ta duba ta ce, "Kai, Auta, ka yi kyau a hoton nan," ta miƙa masa abinsa.

A ƙofar gidan mahaifinsu, inda ita Yaya take zaune da 'ya'yanta, akwai wani maɗaci da marigayin ya shuka shekarar da ya gina gidan. Wata iska mai ƙarfi ta zo ta kayar da shi. Yaya ta raba wa maƙwabta rassan, ta hana a taɓa gungumen. Ta bar shi ya bushe shekara guda, tana so a yi wa gidan ƙofa mai ƙyaure biyu da shi, ta yadda duk mai shiga zai taɓa abin da hannun tsohon ya shuka. Kafinta ya zo ya auna, ya sake aunawa, ya ce katako shida zai fita, kuma shida ɗin ake bukata, babu rara ko ta yatsa. Aka kira Dogo mai yanka, mutum mai ƙarfin hannu da ƙarancin magana.

Dogo ya so ya wasa sarƙarsa da kansa kamar yadda ya saba. Labari ya kai wa Injiniya, ya taso kamar an ce masa rumfarsa ta kama da wuta.

"Itacen mahaifina?" ya ce. "A yanka shi da washin ɗan koyo, ina raye, ina da takarda? Me za a faɗa wa tarihi?"

Ranar aikin, da hantsi, ya sa aka fito masa da tebur. Ba a tsakar gida ba, can bakin titi, inda masu wucewa za su amfana. Aka kafa injin a kai, aka matse shi. Yaya tana ciki a kan kekenta, tana da ɗinkin da za a karɓa da yamma. Aka yi bikin buɗe akwati, aka yi jawabin digiri talatin, aka rufe akwati.

Haƙoran sarƙa bi da bi suke, ɗaya yana kallon dama, na bayansa yana kallon hagu. Mai washi yakan gama da na ɓangare ɗaya, ya juya injin, ya bi ɗayan, kowane haƙori gurza daidai da na ɗan'uwansa. Injiniya ya bi na dama tas, yana gurza yana bayani, wani haƙorin ya sami uku, wani ya sami tara, ya danganta da tsawon jimlar da ta faɗo a kansa. Da ya gama, Dogo ya matso zai juya masa injin. Ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi. Ƙwararre ba ya damun inji. Inji ya zauna inda yake, ilimi ne zai zagayo ya same shi."

Ya fara zagaya teburin, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana nuni da magagari. Ya kai rabin hanya ke nan wani mai keke ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." To, wannan suna ba a ambatarsa ya tafi haka nan. Injiniya ya juyo ya shiga yi wa bawan Allah bayanin bambancin washi da gurzar jahilci. Baki yana aiki, ƙafa ma ba ta tsaya ba. Ya wuce ɓangaren hagu yana maganar kusurwa, ya sha kwanar tebur yana maganar horon da ya samu, ya dawo daidai inda ya tashi yana maganar lalacewar sana'a a hannun 'yan zamani.

"Saura ɓangare na biyu," ya ce, ya sake hawa kan haƙoran dama.

Dogo ya gani. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar dai nan ne aka..."

"Dogo, kai da ƙarfi kake aiki, ni da ilimi. Kowa ya tsaya a layinsa."

Dogo ya koma gefe.

Kafinta ya tsoma zare a baƙin mai, ya ja shi a kan gungumen, ya ɗaga ya saki, layi ya fito sambal. Dogo ya ta da inji ya sa baki a kan layin. Farkon yankan lafiya lau. Can sai injin ya fara karkata dama kamar ya tuna da wani saƙo a maƙwabta. Dogo ya ja, inji ya ja. Jijiyoyin wuyan Dogo suka miƙe, gumi ya wanke shi, amma inji ya riga ya yanke shawara. Da katakon farko ya faɗo, a lanƙwashe yake kamar haƙarƙarin saniya.

Injiniya ya matso, ya gyara tabarau, ya ƙwanƙwasa katakon, ya sunsuna shi, ya rubuta wani abu a tafin hannunsa da biro na biyu.

"Matsalar hannu ce," ya ce. "Washi ya yi ɗari bisa ɗari, direba ne bai kai ba. Miƙo nan."

Ya karɓi injin da kansa. Abin da ya biyo baya, ba a san wa yake tuƙa wani ba. Inji ya yi dama, Injiniya ya bi shi da gudu. Tabarau ya faɗi, biro biyu suka bi shi, farar riga ta koma kalar garin katako da baƙin mai. Katako na biyu ya fito ya fi na farko iya ruku'u.

Ƙarar ce ta fito da Yaya, tef ɗin awo a wuyanta. Ta tarar da shi yana haki yana gaya wa jama'a cewa binciken da ya yi ya nuna laifin daga itacen ne.

"Taurin kai gare shi," in ji shi. "Ai Baba ma haka yake, ba ya bin layin kowa."

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta shafa katakon nan biyu, ta daɗe hannunta yana kai. Sannan ta ce, "Auta, itacen nan da gwangwani na riƙa ba shi ruwa tun ba a haife ka ba. Babu wani da Baba ya shuka bayan shi."

Mu da muka taru muna danne dariya, sai dariyar ta maƙale mana. Ni dai tausayinta ya kama ni, kuma na ji kunyar tsayuwar da na yi ina kallo.

Ta miƙe ta je kan injin, ta sunkuya ta duba sarƙar da idon mai ɗinki. Haƙoran dama sun gajarce suna ƙyalli, na hagu dogaye, dakusassu, ko hannu ba su gani ba. Ta ɗora tef ta auna wannan ta auna wancan.

"Kawo akwatin," ta ce.

Ya rungume shi a ƙirji. "Yaya, fentin zai goge."

"Auta."

Ya miƙa. Ta ciro allin ɗinki daga ɗaurin zaninta ta shafa wa haƙori ɗaya. Dogo ya juya injin da hannunsa, ya zura magagari a cikin ma'aunin, ya daidaita layin da bakin inji, ya tura. Gurzar farko ta kankare jan fentin nan, Injiniya ya runtse ido kamar nasa haƙorin ake cirewa. Dogo yana gurza, Yaya tana ƙirga, har na hagu suka sauko daidai da na dama. Aikin ya ci fiye da awa guda. Da aka yi nisa Injiniya ya farfaɗo, ya koma tsaye a bayansu yana kaɗa kai yana cewa, "Yawwa. Haka na koyar. A ci gaba."

Katako huɗu suka fito, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Huɗu kuwa ba shida ba ne. Ƙofa mai ƙyaure ɗaya aka samu, sai da magini ya zo ya rage faɗin mashigar. Yaya ba ta sake ta da maganar ba ko sau ɗaya, kuma wanda ya san ta ya san wannan ya fi zagi zafi.

Shi kuwa gwanin namu, kwana biyu ya yi rumfa a rufe, a na uku ya fito da wankakkiyar riga. Ya sanar da layi cewa abin da aka gani ranar nan gwaji ne ya shirya da gangan, domin jama'a su ga illar wasa da digiri, kuma alhamdulillahi gwajin ya yi nasara. Jama'a suka yaba. Sai dai masu kawo sarƙa suka riƙa tuna wasu uzurori idan sun iso daidai rumfarsa.

Bayan kamar wata guda, yana zaune yana korar ƙuda da takardar shaida, sai ga Kafinta da inji a kafaɗa. Shi ne ya kwashe lanƙwasassun katakon nan biyu, ya rasa yadda zai yi da su, daga ƙarshe ya yi wa wata kujera ƙafafu da su ta zama mai lilo. Ya yi sallama, ya rusuna.

"Injiniya, wurinka na zo. Akwai aikin da duk yankin nan babu mai iya shi sai kai."

Injiniya ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya leƙa hagu da dama ya tabbata maƙwabta suna nan.

"Ɗaga murya, Malam, ƙarar titi ta yi yawa."

Kafinta ya ɗaga murya. "Kujerar nan mai lilo ta samu karɓuwa, guda shida aka ce in yi, ga shi ba ni da sauran lanƙwasasshen katako. Na kai sarƙar nan wurin masu washi uku, duk sun yi iya ƙoƙarinsu, amma da an sa ta a itace sai ta miƙe. Ka wasa min ita yadda ka saba. Roƙona ɗaya ne, don girman Allah kada ka taɓa ma'aunin nan."

Injiniya ya karɓi sarƙar. A wannan fannin kam, ba shi da na biyu.