Baƙuwar da Ta Ƙi Tashi Daga Hantar Malam

Zuwa ga Mai Girma Ƙwayar Cutar Hanta mai lamba B, shugabar masu naci, wadda ba a ganawa da ita sai ta na'ura.

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙon da ya daɗe ƙwarai, ina neman afuwa da na dame ki. Ni ce matar bawan Allahn da kika sauka a hantarsa tun kafin in san shi. Ba na son yi da kowa a bayan idonsa, shi ya sa na ce gara ki ji daga bakina.

Na ɗaya. Babbar 'yarmu tana aiki a ɗakin binciken magunguna, inda ake kiwon danginki a cikin 'yan farantai. Ta ce in za ki hayayyafa kwafar kanki kike yi, kuma ba kya komawa ki duba abin da kika rubuta. Ranki ya daɗe, mu a makarantar allo, ko ɗigo ka ɓata sai an wanke allon ka sake. Ke kuwa garin ganganci kika sauya kama, maganin da Malam ya daɗe yana sha ya zo ya wuce ki bai shaida ki ba. A wace makaranta ake ba mai kuskure lada?

Na biyu, yarinyar nan. Ta zo gaishe mu, ko zama ba ta gama ba sai ta miƙe, wai lokacin ba farantai abinci ya yi. Ni da na haife ta ba ta taɓa tambayar ko ɗakina da sanyi ba, amma naku ɗakin ana auna ɗuminsa kamar na jariri. Tana ɗiga muku magani iri-iri don a ga wanda zai kwantar da ku, wasunku suna shanyewa kamar an kawo musu shayi. Ko kunyar farar rigarta ba kwa ji?

Na uku, ba zan ɗora miki abin da ba naki ba, don za a tambaye ni gobe ƙiyama. Malam mutum ne da ba ya iya cin abu shi kaɗai. Da aka ce ƙanensa ma yana ɗauke da ke, sai ya riƙa sa wuƙa yana raba ƙwayar maganin biyu, rabi nasa, rabi na ƙane, shi a ganinsa zumunci yake yi. Ranar da likita ya ji, kai ya riƙe. 'Yarmu ta yi kuka, ta share hawaye, sannan ta yi wa ubanta faɗa cikin ladabi. Ta ce rabin magani ba ya kayar da ke, karatu yake ba ki. To amma ke ma, mutum ya yi alheri, sai ki hau kansa?

Yanzu sanarwa. Likita ya ce hantar ta fara tauri, amma da sauran dama, ya kuma sauya magani, irin wanda 'yarmu ta ce danginki ba su cika iya masa ba. Kwalbar tana hannuna. Kowace safiya ina tsaye har Malam ya haɗiye, ya buɗe baki in leƙa, yana gunaguni wai an mai da shi yaro. Wuƙar kuwa na ɓoye ta. Ƙanen ya je asibiti an ba shi tasa kwalbar. Jikoki duk an yi musu allurar rigakafi, don haka kada ki sa rai da gado.

An gaya mana ba lallai ki fita gaba ɗaya ba, sai dai ki kwanta ki yi shiru. Mun yarda. Ki samu lungu ki zauna, kada ki ƙara taɓa komai. Mutumin nan ina da sauran aiki da shi, ko ƙofar kicin da ya yi min alkawari bai gyara ba tukuna.

Ki huta lafiya, hutu mai tsawo.

Taki mai biyayya, ga likita dai,
Matar mai hantar