Na'urar da Ke Jiran Almakashi

Jiya na tashi ƙafata ta kumbura suntum, takalmi ya ƙi shiga. Maƙwabcina Maman Lawali ya ce in kwantar da hankali, ai manya sun zuba mana labarin lafiya cikin salula. Labari ne mai rassa: kana karantawa, ka taɓa kalmar da ta dace da ciwonka, ita kuma ta kai ka gaba.

Na buɗe. Wai wani manomi ne a Jiratawa ya kwana ba lafiya. Na taɓa “ƙafa”, sai ga jawabin Mai Girma Uban Alkawari. Na taɓa “ci gaba”, manomin har ya warke yana godiya. Me ya sha? Na koma baya, na tarar da shi yana ban ruwan zogale. Allah ya saka wa masu wannan fasaha, sun yi labari sak irin aikinsu, ko'ina ka taɓa farko kake komawa.

Na ce wa Maman Lawali ni ɗan ƙarfe nake so kamar salula, a ɗora a ƙafa ya faɗi abin da ke ciki. Tsoro nake ji, saboda haka nan ƙafa ta fara wa mahaifina har aka yanke ta. Ya ce ai an kawo irinsa wani ɗakin shan magani a Tsibiri.

Kabu-kabu ya kai ni. Ga na'urar kuwa bisa tebur, cikin ledarta, an ɗaure ta da jan zare. Malama Tahira mai duba marasa lafiya ta ce, “Baba, yi haƙuri. Ba a taɓa ta sai Mai Girma ya yanke zaren. Yau za shi zo.”

Aka jera mu a rana muna tafi. Ya iso bayan azahar, ya yi jawabi har jiri ya kwashe shi. Nan take aka yage ledar, babu wanda ya tuna da almakashi. Aka ɗora masa na'urar, ta yi aiki, na gani da idona. Sai aka saka ta a motarsa, ko jirin zai dawo a hanya.

Ƙafata tana nan yadda take. Amma labarin salula ya samu sabon reshe. Taɓa “ƙafa” yanzu, za ka ga hotona ina tafi, wai na warke.