Kwamanda Gajimare da Tsani Mai Hawa Shida

A matsa gefe, a kwashe yara daga hanya, masu hula su dafe hularsu. Ga Kwamanda Gajimare nan tafe, matuƙin jirgin yaƙi mai ritaya, gwarzon ƙafa dubu talatin a sama, mutumin da ya yaga sararin samaniya ya ɗinke shi ba a ga zare ba. Shi kaɗai ne a unguwarmu yake saka baƙin tabarau ana ruwan sama. Shi kaɗai ne kuma idan jirgin fasinja ya gifta yake ɗaga kai, ya bi shi da kallo, ya yi tsaki ya ce, "Yaron nan bai iya kwana ba."

Rigar fata yake sawa ko da zafi ya kai a soya ƙwai a kan kwalta. A ƙirjinta akwai lambobin yabo guda biyar. Ni karatuna a aji uku ya tsaya, amma da ɗan abin da na tsira da shi na karanta ɗaya daga ciki, na ga ta gasar tsabtar bariki ce. Ban gaya wa kowa ba sai mutum goma sha biyu.

Hedkwatarsa bencin ƙofar shagon mai aski ne. Nan yake sauka kullum da hantsi, bayan matarsa ta ba shi izinin tashi daga gida, ya buɗe makarantar tarihin jirgin yaƙi kyauta ga duk wanda layin aski ya ritsa da shi.

"Da balan-balan aka fara," in ji shi. "Mutum ya shiga kwando ya leƙa abokan gaba kamar mai leƙen gidan maƙwabci. Daga nan aka zo jirgin katako da yadi, matuƙa suna harbin juna da ƙaramar bindiga. Sai mai farfela. Sai mai tafiya ya bar ƙararsa a baya. Daga nan kuma sai ni."

A nan tarihin yake ƙarewa. Abin da aka ƙera bayansa duk wasan yara ne.

Lokacin da nake ƙarami, jiragen abokan gaba uku ya kakkaɓo. Shekarar da na bar makaranta sun zama bakwai. Bana goma sha tara ne. Shekara arba'in da gama yaƙin, amma bayin Allah nan ba su daina faɗowa a ƙofar shagon mai aski ba. Idan labari ya yi daɗi, hannun dama shi ne jirginsa, na hagu na abokin gaba, kan wanda ake yi wa aski kuma shi ne tsaunin da ake zagayawa. Mutum biyu sun bar wurin da yanka a kunne saboda yaƙin nan.

Yana da wani ƙaton agogo a hannu wanda ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma. Ya ce daidai lokacin da ya harbo jirgi na farko ke nan, agogon ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya ƙi ci gaba. Alhali ƙofa uku daga bencin akwai mai gyaran agogo, wani siririn tsoho mai gilashi a ido ɗaya, wanda ba ya haɗa kalma biyar a yini. Kwamanda bai taɓa kai masa agogon ba. Idan zai wuce ta gaban teburinsa sai ya tsallaka titi, ya ce inuwar can ta fi kyau. Ranar da tsohon ya zo aski kuwa, yaƙi yakan tafi hutu. Kwamanda ya koma maganar tsadar taki.

Mun ga jarumtarsa da idonmu shekara biyu da suka wuce, ranar tarzoma. Rigima ta tashi a kasuwa da azahar, kan abin da har yau kowa da irin nasa bayanin. Kafin a ce me, hayaƙi ya turnuƙe ta wuri uku, ana jin fashewar gilashi, 'yan kasuwa suna shigowa unguwa a guje babu takalma. Yaranmu kuma suna makarantar firamare a ƙetaren babban titi. Iyaye mata suka yi cincirindo a ƙofar Kwamanda, tun da unguwa ta yi sa'ar soja.

Ya fito da rigar fata da lambobinsa cif. Ya raba mu runduna uku, ya ba kowace suna. Ya ce abu na farko a yaƙi shi ne a ga abokin gaba daga sama.

"To ga tankin ruwa can, Kwamanda," in ji mai aski. "Daga kansa ana ganin har kasuwa. Kai ka saba da sama."

Kwamanda ya dubi tankin. Ya dubi tsanin ƙarfen da ke jikinsa. Ya gyara tabarau.

"Idona an horar da shi ne a kan ƙafa dubu talatin. A wannan ɗan tsayin komai zai zo mini a kusa da yawa, in ba ku rahoton da ba daidai ba."

Ana cikin haka sai muka ga mai agogo ya riga ya kai rabin tsanin, da silifas. Ya tsaya a sama kamar minti ɗaya, ya sauko, ya ce wutar gidan mai ita ce babba, iska tana kaɗa ta wajen babban titi, mutanen kuma sun nufi tasha. A bi ta bayan asibiti a kwaso yaran, akwai kamar minti ashirin. Haka aka yi, aka dawo da su duka, har da malamansu. Wata uwa ta tambaye shi inda ya koyi karanta hayaƙi. Ya ce, "A wurin aiki." Ya koma ya rufe teburinsa.

Kwamanda kuwa sai da la'asar aka same shi a cikin shagon mai aski, ƙofa a kulle ta ciki. Ya kafa cibiyar ba da umarni a ƙarƙashin tebur. Mako guda bayan haka labarin ya fito a gyare: shi ya tura ɗan leƙen asiri sama, shi ya tsara hanyar bayan asibiti. Muka tafa masa. Ba mu da talabijin a shagon, da shi muke maneji.

Sai ga babbar magana ta taso. Hukumar gari ta samo wani tsohon jirgin yaƙi da ya shekara talatin yana tsatsa a wani fili, aka yi masa fenti, aka jawo shi lambun shaƙatawa don yara su ga tarihi. Aka kafa allo a gabansa, aka bar layi guda babu rubutu, inda za a sa sunan tsohon sojan garin da ya tuƙa irinsa. Suna ɗaya tak, kuma zai zauna a wurin har jikokin jikoki.

Kwamanda ya isa ofishin shugaban kwamitin bikin buɗewa tun kafin a share shi. Shugaba ya nemi takardun aiki. Kwamanda ya ce takardunsa sirrin ƙasa ne, ko shi ba a yarda ya karanta su ba. Shugaba, wanda yake son a gama a tashi, ya ce to shi ke nan, ranar buɗewa ya hau ya zauna a kujerar matuƙi a ɗauki hoto, mai rubutun allo ya sa suna a gaban jama'a.

Mako uku ana shiri. An goge lambobi har ta tsabtar bariki ta fi sauran ƙyalli. Ranar da za a yi, maƙwabta sun ji matarsa ta biyo shi har ƙofar gida.

"Baban yara, ka ce musu ciwon ƙafa ya tashi. Ba wanda zai zarge ka."

"Mace, tarihi ne yake kira."

"To ka gaya wa tarihin ko kwan fitila ni nake canzawa a gidan nan."

Ƙarfe goma na safe lambu ya cika. An kafa rumfa, manyan baƙi a ƙarƙashinta da tebur mai farin ƙyalle da kwalaben lemo. Jirgin yana tsaye a kan daɓen siminti wanda magini ya ɗan karkata shi wajen rumfar don ruwan sama ya riƙa gangarewa. Abin da ya riƙe shi katako biyu ne a gaban tayoyi, irin wejin da ake sa wa babbar mota, kowanne da igiyarsa. A jikinsa an jingina tsani mai hawa shida.

Kwamanda ya taka hawa na farko, aka tafa. Ya taka na biyu, aka ƙara tafawa. A nan tafiyar ta tsaya. Gwarzon ƙafa dubu talatin ya kai ƙafa biyu. Ya rungume tsanin kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya. Can Allah ya kawo masa mafita: ya ɗaga kai ya ga murfin gilashin kujerar matuƙi a rufe.

"Wane ne ya shirya wannan jirgi?" Ya sauko da saurin da bai hau da shi ba. "Matuƙi ba ya buɗe wa kansa. Wannan aikin ƙananan ma'aikata ne, mutanen ƙasa."

Ya karɓi lasifika ya ce kafin a buɗe zai ɗan taɓa tarihi. Ya koma kan balan-balan.

Samari uku suka hau ɗaya bayan ɗaya, suka ja, suka tura, suka daka, murfi ya ƙi. Mai aski ya ce a kira mai agogo, shi ya saba da ƙananan makullai. Tsohon ya ce a nemi wani. Aka matsa masa, har shugaba ya sa baki. Tsohon ya hau. Bai ko duba ba, ya zura yatsu biyu a wani lungu a ƙasan gilashin, murfi ya zame baya kamar jiya aka shafa masa mai. Mai hoto ya ce ya ɗan zauna a ciki ya gwada haske kafin mai wurin ya hau.

Ya zauna. Ya daɗe bai motsa ba, kuma fuskarsa ba ta mai jin daɗi ba ce. Sai hannuwansa suka fara yawo da kansu. Ya taɓa nan, ya murɗa can, ya ƙwanƙwasa wani gilashi da farce, daga hagu zuwa dama, bai tsallake ko ɗaya ba. Ina jin ya manta da mu gaba ɗaya. Da ya gama sai ya ɗago hannu biyu a dunƙule, manyan yatsu suna kallon waje, ya raba su. Ashe alamar da matuƙi yake yi wa mutanen ƙasa ce, su cire katakon taya.

Kwamanda yana tsakiyar labarin jirgi na goma sha ɗaya. Idonsa ya faɗa kan alamar nan. Lasifika ta faɗi ƙasa.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin wannan ba. A duƙe ya tafi, kai ƙasa, ya shige ƙarƙashin fiffike, ya fizge igiyar hagu, ya zagaya ta baya ya fizge ta dama, ya fito daidai bakin fiffike. Ya ɗaga katakon biyu sama don matuƙi ya gani, ya buga ƙafa, ya ƙame. Duka bai kai ƙirga biyar ba.

Jirgi kuwa, da ya ji an sake shi bayan shekara talatin, sai ya kama hanya. A hankali, da mutunci, ya nufi rumfar manyan baƙi. Tsani ya kife. Shugaban kwamiti ya tsallake kujeru biyu da babbar riga. Mai agogo yana ta taka birkin da ya mutu tun kafin a haife ni.

Kwamanda ne ya bi jirgin. Ya yi gudu a gefen taya, ya auna, ya cilla katako ɗaya a gabanta, ya mirgina ta ƙasa ya cusa ɗayan. Jirgi ya yi turus, hancinsa taƙi ɗaya daga kwalaben lemo. Ko ɗaya ba ta faɗi ba.

Gaskiya ɗaya ce, tun da na san mutumin nan ban taɓa ganin ya yi abin da ya yi kyau haka ba. Mai aski ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Wannan hannu ya shekara ashirin yana wannan aiki." Mai rubutun allo, wanda ya riga ya tsoma buroshi a fenti, ya dubi Kwamanda, ya dubi tsohon da ke sama, ya goge buroshin a tsumma ya zauna.

Wani zai ɗauka nan Kwamanda zai karɓi yabonsa na gaskiya, na farko a shekara arba'in, ya tafi gida. Wannan bai san Kwamanda ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigar fata, ya nemo tabarau ya mayar, ya ɗauki lasifika.

"Jama'a, abin da kuka gani atisaye ne. Ni na tsara shi, don yara su ga yadda babban matuƙi yake sanin aikin kowa, har na ƙananan ma'aikata. Wannan bawan Allah da ke sama yana cikin waɗanda suka taso a hannuna." Ya juya ya miƙa hannu wajen jirgin. "Abokin aiki, gaya musu. A ƙafa dubu nawa muka fara haɗuwa?"

Mai agogo ya leƙo. Ya dube shi daga tabarau har takalmi, ya dubi ƙasa inda zai sauka.

"Kofur," ya ce, "kawo tsani."