Ƙafata Ce Ke Aiki a Ofishinsu

Da maigidana ya rasu na rasa mai cefane, na rasa ɗaki guda da na sa a haya. Abin da ya rage min keken ɗinkina, abin da na samu kuma ɗan haya. To, labarinsa zan ba ku.

Wani ne dogo, mai son jiki. Ya ce min shi daga gida yake aiki. Na ce madalla, ko ɓarawo ya leƙo ya ga namiji. Ashe aikin nasa kwamfuta ce da wani ɗan abu kamar sabulu, wai linzami. In yana motsa shi, wani ɗigo ya yi kore a can ofis, oga ya san yana aiki. In ya bari, ɗigon ya canza kala, waya ta yi ƙara.

Shi kuwa barci ne sana'arsa. Ya ɗaura linzamin a babban yatsan ƙafa ya kwanta, ƙafar ma ta yi barci. Ya ɗaura a wutsiyar kyanwata, ta haura katanga da shi, sai da ya sayi wani.

Ran nan ina ɗinki ya shigo aron ashana. Ya tsaya yana kallon almakashina na rawa a kan teburin keke. Ya ce, “Inna, kullum haka teburin nan yake kaɗawa?”

Na ce, “Tun kafin a yaye ka.”

“Ki ɗan ara min gefe in ajiye abu.”

Na ce ajiye, gefe ba ya cin abinci. Ya ɗauko linzamin ya ɗora a kan teburin.

Daga ranar ina taka keke, shi yana minshari. Ba a jima ba oga ya kira, ina ji ta taga. “Kai, ba ka gajiya ne? Ko ruwa ba ka tashi ka sha?” Shi ko da shatin matashi a kumatu yana cewa, “Yallabai, amana ce.” Aka ƙara masa girma. Aka ce sauran ma'aikata su yi koyi da shi. Da na karɓi ɗinkin ankon biki na kwana biyu ban ɗaga ƙafa ba, ofis suka aiko masa da kwalin madara, wai ya kula da lafiyarsa. Ko gwangwani ɗaya ban gani ba.

Sai gwiwata ta kumbura. Na lulluɓe keke, na miƙe ƙafa a tabarma. Kafin hantsi ya faɗo min ɗaki ba sallama.

“Inna, lafiya kika tsaya? Ɗigon ya mutu!”

“Allah ya jiƙansa. Motsa abinka da hannu mana.”

“Na gwada! Oga ya ce hannuna ya yi sanyi, ba haka ya saba gani ba. Wai in ban koma yadda nake ba zuwa la'asar, akwai masu jiran kujerata.”

A nan na gane ashe ƙafata ce ke aiki a ofishinsu. Na gyara ɗaurin ɗankwali.

Ya ce zai ƙara kuɗin haya. Na ce ban ji ba. Ya ce zai sayo min man zafi. Na ce ina da shi. Ya ce to kwalin madarar nan, saura rabi. Na ce, “Yanzu ka tuna ina da baki?” Ya durƙusa ya kama gefen tabarma.

“Inna, ke uwa ce. Ni fa ban iya aikin ba. Tun da aka ƙara min girma ban ma san me ake yi a wurin ba.”

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ya ciro ta ya duba.

“Shi ne! Don Allah faɗi farashinki, ko nawa ne!”

Na yaye lulluɓin keke, na jawo masa kujerata, na ɗauko buhun yadin mutane na zazzage a gabansa.

Na ce, “Riƙe kuɗinka, ɗana. Ƙafa na ba ka, ƙafa za ka biya. Zauna ka taka daga safe zuwa yamma, ni in riƙe maka yadin, kada oga ya ce ba ka aiki.”